Ƙafar Umma a Hasken Ƙarfe Huɗu

Litinin, 6:40 na safe

Na wanke ƙafar Umma. Ciwon da ke ƙarƙashin babban yatsanta na hagu ya kai faɗin murfin kwalba, kuma yau ya fara wari. Na sa sabuwar auduga na naɗe, tsohuwar na ƙulle a leda biyu na kai shara kafin kowa ya tashi. Suganta ya hau. Ta ce shayin jiya ne. Kullum shayin jiya ne.

Yau kwana tara da dawowar Auta. Shekara shida ba mu gan ta ba sai a waya, sai ga ta da akwati ɗaya, da wani katako mai ƙafa uku, da jakar fenti mai warin kananzir. Tun da ta shigo Umma ta daina dogara sanda. Tana tafiya a miƙe tana cije leɓe, ni da na san abin da ke cikin safar nan ina kallo.

Wai zana mu za ta yi. Matan gida, a falo, kowa na harkarsa. Ta ce mako uku zai ɗauka, in ta gama za ta koma. Umma ta ji "in na gama zan koma" ɗin nan. Ni ma na ji.

Litinin, 5:30 na yamma

Ashe abin har da dokoki. Ba ta zane sai daga ƙarfe huɗu zuwa biyar saura ashirin, lokacin da rana ke shigowa ta tagar falo ta sauka a kujerar Umma. Ta ce ita ba mutane take zanawa ba, haske take zanawa. Na ce to ai sai ta sallame mu ta zauna da haskenta. Ba wanda ya yi dariya sai Madam, ita ma da ta ga fuskar Umma ta haɗiye.

Madam matar ƙanena ce, shi yana can kan hanya da babbar mota, sai wata-wata muke ganinsa. An zaunar da ita a ƙasa kusa da kujerar Umma da jaririyarta a cinya, ta sha kwalliya kamar mai jiran baƙi. Umma ta sa shuɗin zaninta, ta baza shi har ƙasa ya rufe ƙafafu. Lemo biyar a kwano a kan tebur. Ni kuwa wucewa na zo yi da robar ruwa, sai Auta ta ɗaga burushi.

"Yaya, tsaya a haka! Kar ki motsa. Wallahi haka ya yi."

Na tsaya a duƙe, na ba ta baya, minti arba'in. Robar da nake wanke ciwon a ciki ce. Ba ta tambaya ba.

Kuma kullum kaya ɗaya za mu sa, ba wanki, wai wanki na canja launi.

Laraba, 5:10 na yamma

Na leƙa zanen. Dagwalo, kamar tsumman da aka goge kicin da shi. Babu layi ɗaya miƙaƙƙe. Ɗis nan, shafe can, shuɗi a inuwa, ruwan hoda a bango, bangon da ni na tsaya aka shafa masa farin fenti bara. Auta ta kama kafaɗata ta ja ni baya har bakin ƙofa.

"Daga nan ake kallo."

Daga nan ɗin kuwa mutane suka fito. Ga Umma, kai a karkace yadda take yi in tana sauraron rediyo. Haushi ya kama ni da ya yi kama da ita.

Na ce wane irin zane ne wannan da sai ka yi nesa da mutum sannan za ka gan shi. Ta ce salo ne, tsoho ma. Na ce lallai salon ya dace da ita. Ta ci gaba da goge burushi kamar ba da ita nake ba.

Alhamis, 1:15 na rana, a shago

Da safe na kai Umma wurin likita. Mun ce wa Auta karɓo magani za mu yi. Ya warware, ya danna gefen ciwon da yatsa, sannan ya dube ni, ba ita ba.

"Ke da kike aiki a shagon magani, kika bari ya kai haka?"

Ya ce a kwantar da ita yau, a kankare wurin, a sa mata ruwa da allurai. In an yi yau, wataƙila ma yatsan ya tsira. In an jira, ya faɗi abin da za a yi. Ba zan rubuta shi ba.

Umma ta ce sai an gama zane. Ya ɗauka bai ji daidai ba, ya sa ta maimaita.

A tasi ta riƙe hannuna.

"Babba, kin san ƙanwarki da asibiti. Ranar da aka kwantar da ni, ranar za ta haɗa akwatinta. Shekara shida ina jiran ta zauna a gabana. Yanzu kullum sai ta dube ni minti arba'in, ba ta ɗauke ido."

Na ce, "Umma, ƙafarki fa."

"Ƙafata ce. Kika gaya mata, ban yafe ba."

Sau biyu ta faɗa, direba yana ji. Tunda nake ban taɓa jin wannan maganar a bakinta ba, ko lokacin da na baro gidan mijina na dawo mata da akwatuna. Yanzu ina nan ina zuba wa mutane ƙwayoyi a leda, ina ce musu sau uku a rana kar a tsallake, hannuna kuma har yanzu warin abin yake duk da sabulun da na goga.

Alhamis, 4:50 na yamma

Na tsaya da robar.

Lahadi, 5:20 na yamma

Ana cikin zama Auta ta ɗaga hanci.

"Wani abu na wari a falon nan."

Madam ta ɗaga jaririya ta shinshina bayanta, ta ce ba daga nan ba ne. Ta shinshina hammatarta, rigar da ta kwana shida ba wanki, ta yamutsa fuska. Umma ce ta fara dariya, da ƙarfi, irin wadda ba tata ba.

"Lemon nan naki ne, Auta."

Ɗaya ya ruɓe kuwa, ƙasansa ya yi kore ya yi gashi. Na miƙa hannu zan ɗauke, Auta ta yi ihu kamar zan taɓa wuta. Wai wannan koren ba ta da irinsa a kwalba, a bar mata shi.

An bar mata. Na fesa turare a falon, warin ya zama biyu.

Talata, 6:30 na safe

Ciwon ya ratso tsakanin yatsu. Na yi mata allurar da likita ya rubuta da ya ga ba za ta kwanta ba. Ya ce wannan jinkiri kawai za ta yi, ba magani ba ce.

Ina wankewa tana ba ni labarin yadda Auta ke lumshe ido ɗaya in tana dubanta, wai tun tana ƙarama haka take yi. Na ce uhm. Mugunya na bin yatsuna tana cewa yarinyar nan akwai baiwa.

Laraba, 5:40 na yamma

Ba ni da fuska.

Kowa ya fito. Madam ta fito har ta fi kanta kyau, tana ta ɗaukar hoton zanen tana tura wa mijinta. Jaririya dunƙulen ruwan hoda ce amma ka san jaririya ce. Umma kuwa kamar sarauniya. Ni baya ne kawai a duƙe, da ɗankwali, da hannu biyu da suka narke cikin roba. A cikin robar ta zuba ruwan zinariya da fari, yana ƙyalli. Wannan ruwan!

Na ce, "Auta, ni fa?"

"Ga ki nan mana."

"Wannan ko 'yar aiki ce ai haka za ta fito."

"Yaya, ni haka nake tuna ki. Kullum a duƙe kina wani abu." Da murmushinta ta faɗa, ita a ganinta yabo ne.

Ƙasan zanen ta hagu har yanzu farin ƙyalle ne, ba ta taɓa shi ba. Ta ce shuɗin ya yi yawa a wurin, tana son Umma ta ɗan fito da ƙafa ɗaya. Umma ta turo ta dama. Auta ta ce a'a, ta hagu, nan hasken ke sauka. Umma ta ce sanyi take ji, a bari sai ƙarshe.

Alhamis, 4:05 na yamma

Hadari. Ba rana, ba zane.

Juma'a, 4:10 na yamma

Hadari. Mun sa kayanmu masu tsami mun zauna muna kallon taga kamar marasa aikin yi. Auta ta ce kwanakin nan ba sa cikin mako ukun, sai an rama. Umma ta ce alhamdu lillahi. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni.

Lahadi, 11:00 na safe

Na same ta a kicin tana wanke burushi a kofin shayina. Na rufe ƙofa. Na shirya maganar tun asuba, na san ta inda zan fara, ba sai na ce komai kai tsaye ba.

"Auta, maganar Umma."

Ta juyo fuska a sake. "Kin lura ko? Tun da na zo ta warware. Ko sandar ta ajiye. Ke ce kike ta tsorata ni a waya."

Ni ce nake tsorata ta.

Na buɗe baki, sai muryar Umma daga ɗaki: "Babba!" Matar da sai an maimaita mata magana sau uku a waya, ta ji an rufe ƙofar kicin. Na je. Ta dube ni kawai, ta ce in miƙo mata carbinta da ke kusa da hannunta.

Kofin na jefar.

Talata, 5:30 na yamma

Sai yau na lura ƙofar ɗakin Baba ba ta cikin zanen. Tana nan bayan kujerar Umma, kowa na ganinta, da rigar sanyinsa a ƙusa inda ya rataye ta. Auta ta mai da wurin labule mai ruwan ƙwai. Ba mu da labule mai ruwan ƙwai a gidan nan.

Ranar da Baba ya rasu a asibiti, Auta cewa ta yi za ta sayo ruwa. Ni na riƙe kansa. Ni na sa hannu a takardu. Ni na ninke bargon. Ruwan bai zo ba har yau, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta, don ita Auta ce, zuciyarta ba ta ɗaukar irin wannan. Tawa kuma da dutse aka yi ta.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Alhamis, 6:20 na safe

Yatsan ya yi baƙi.

Alhamis, 1:30 na rana, a shago

Na tura wa likita hoto. Ya kira nan take. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya ce, "'Yar'uwa, yanzu ba maganar yatsa muke ba." Na ce kwana shida suka rage a gama zanen. Ya ce wa ya gaya min akwai kwana shida.

Wata mata ta shigo neman man kaushi, tana ta ƙorafi wai dugaduganta sun yi muni, ba ta iya sa takalmi buɗaɗɗe. Na ba ta. Ban san me ta gani a fuskata ba, ko leda ba ta jira ba.

Juma'a, 5:15 na yamma

Jikin Umma zafi rau tun rana. Na ce yau kam a haƙura. Ta sa na ɗaura mata shuɗin zanin, na ɗauko ta kusan a kafaɗa kafin Auta ta fito, na zaunar da ita, na baza mata shi ya rufe. Da hannuna. Sannan na koma wurina na duƙa.

Zufa na tsattsafo mata a goshi. Auta ta ce, "Umma, kar ki goge, ƙyallin nan ya yi kyau."

Ban san wa na fi jin ƙyama ba yau. Mai zanen, ko wadda ake zanawa, ko wadda ta san sunan kowace ƙwayar cuta da ke cin naman uwarta ta tsaya tana riƙe roba don hoto ya yi kyau. Ina jin ta ukun ce.

Asabar, 2:00 na rana, a benci, asibiti

Bari in rubuta yadda aka yi tun kaina bai juya shi ba.

Da safe ina share falo na ɗaga jakar fentin, wani kwali ya faɗo, guntun katon ɗin madara. An jera ɗigon fenti a kai, layi-layi, kowane da kwanan wata a ƙasa. A sama an rubuta "fuskar Umma". Ɗigo goma sha bakwai. Na farko launin Umma ne sak, ja-ja mai ɗumi, yadda na san ta. Ina bi da ido yana dusashewa, yana toka-toka, na ƙarshe har da wani kore-kore irin na lemon nan.

Kaina ya ɗau zafi. Ashe tana gani. Kullum tana gani, har tana rubuta kwanan wata.

Na sami Auta tana shan shayi. Na ajiye mata kwalin a gaba.

"Mene ne wannan?"

"Gwaji ne. Kullum kafin in fara sai na haɗa launin fuska in ɗiga. Kin ga yana canjawa ko? Rana ce ke matsawa, Yaya. Lokacin shekara ne, hasken na ƙara sanyi, dole in riƙa ƙara toka."

Da gaske take. Ta ma ji daɗi da na nuna sha'awa.

Na ce, "Madam ma kina yi mata?"

"Kowa ina yi."

"Ɗauko."

Ta ɗauko. Madam da ke zaune a gindin kujerar Umma, taga ɗaya, rana ɗaya. Ɗigo goma sha bakwai, duk iri ɗaya, kamar an buga da hatimi.

Na jera mata su biyun. Ta duba wannan, ta duba wancan. Ta daɗe. Na ga lokacin da abin ya shige ta.

"Yaya, me ke damun Umma?"

Da na so, da na yi shiru a nan, in ce ai ban faɗa ba, ita ta gane. Ban so ba. Na gaji da wayo. Na faɗa mata duka da bakina, tun daga murfin kwalba har maganar likita, har rantsuwar cikin tasi. Na kama hannunta na kai ta ɗaki, na yaye bargon, na warware.

Ta toshe baki ta ruga waje, na ji tana amai a tsakar gida.

Umma ta buɗe ido ta dubi ƙafar, ta dubi ƙofa, ta dube ni.

"Kin yi?"

"Na yi."

Ta juya fuska bango. Daga nan har muka zo nan ba ta sake ce min kala ba.

Asabar, 5:00 na yamma

Auta ta biyo mu a tasi. A bakin ƙofar asibiti ta tsaya. Ta ce za ta sayo ruwa.

Dariya ce ta ƙwace min, har ma'aikaciyar da ke tura Umma a keken marasa lafiya ta juyo.

Lahadi, 10:30 na safe

Na sa hannu a takardu.

Lahadi, 3:40 na yamma

An yanke. Ƙasa da gwiwa.

Litinin, 9:00 na safe

Ta farfaɗo sosai. Likita ya ce zafin ya sauka, da an ƙara kwana biyu da wata maganar ake. Madam ta zo da jaririya, Umma ta yi mata magana, ta yi wa ma'aikatan jinya magana, ta yi wa matar gadon kusa magana. Ni in na miƙa cokali sai ta buɗe baki tana kallon bango.

Idonta na kan ƙofa. Na san wa take jira.

Litinin, 4:20 na yamma

Ta zo. Da kwalin ruwan roba guda a ka, ta sauke a gefen gado tana haki, idanu sun kumbura. Mai gadi ya ce min tun shekaranjiya take zuwa ta zauna a dakalin waje har a rufe ƙofa.

Ban yi mata sannu ba. Lokacin canja shimfiɗa ne, na miƙa mata roba da tsumma. Ta dubi abin da ke ciki, fuskarta ta yi irin ɗigo na goma sha bakwai. Na jira ta ajiye ta gudu. Ta fita da ita, ta dawo da ita a wanke. Ba ta wanku sosai ba, amma na karɓa.

Laraba, 12:00 na rana

Kwana goma ke nan da yanke ƙafar. Auta ta koyi juya ta, ta koyi gwada suga. Jiya ta yi kuka wai duk laifinta ne, ta zuba min ido tana jiran in ce a'a. Ban ce ba. Nawa laifin ma ba wanda ya sauke min.

Umma har yanzu ba ta kira ni ba. In tana son abu sai ta ce, "Auta, ce wa yayarki."

Asabar, 11:00 na safe

An sallame mu. Kafin su iso na riga su gida. Na zubar da lemon da kwanon gaba ɗaya, na jiƙa kayan nan uku a ruwan zafi da omo. Ruwan da ya fita ba ya kalluwa. Zanen na juya shi yana kallon bango. Na ɗauki wuƙa na tsaya a bayansa, ba zan ɓoye ba. Na mayar da ita kicin.

A ƙarƙashin gadonta na ga silifas ɗinta guda biyu a jere. Ban san yadda zan yi da ɗayan ba. Na bar su.

Litinin, 5:50 na yamma

Ƙarfe huɗu saura kaɗan Umma ta ce a kai ta falo. Auta ta tura keken. Ta ce a ɗora ta a kujerar taga, a ɗaura mata shuɗin zanin, a juyo da zanen. Madam ta kawo jaririya ta zauna ba tare da an ce mata ba. Ni ina bakin ƙofar kicin, hannu a naɗe. Na rantse a raina ba mai sake duƙar da ni.

Shuɗin ya ɗan koɗe da wanki. Auta ba ta ce komai a kai ba.

Umma ta daɗe tana kallon zanen. Daga inda take, nesan ya yi daidai. Sai ta nuna farin wurin da ke ƙasa.

"Ƙarasa."

"Umma, sai dai in rufe da zani."

"Ƙafa kika ce kina so. Ta hagu."

Auta ta ce a hankali, "Ban taɓa ganinta ba, Umma. Wato da lafiyarta. Na manta yadda take."

Ni ma na nemi kamanninta a kaina na rasa. Wata biyu ina wanke ta kullum, ciwon kawai nake iya tunawa.

"Babba."

Sai da ta sake faɗa na gane da ni take. Kwana goma sha shida.

"Cire takalminki. Duk cikinku ke kika ɗauko ƙafata, har karkataccen ƙaramin yatsan. Zo nan."

Ta matsa gefe a kujerar. Babu wurin mutum biyu, na ɗosana a hannun kujerar, na zura ƙafata ta hagu ta ƙarƙashin zaninta, wurin da babu komai, na fito da ita inda rana ke sauka. Ta gyara shuɗin a kan idon sawuna da hannunta. Ba ta ɗauke hannun ba, ta bar shi a kan gwiwata.

Ƙafar ba abin a gani ba ce. Kaushi, farce a tsage, shatin takalmin shago. Auta ta ɗauki burushi ta fara ja da baya tana lumshe ido ɗaya.

Na ce, "A'a. Jawo katakon nan. Wannan daga kusa za ki zana ta, kuma kika gyara min kaushi ɗaya sai na sani."

Ta jawo shi har gabanmu, ta durƙusa a ƙasa.

Minti arba'in. Ban motsa ba.